Auta, ga labarin amfilifayar jitarka daga Legas

Assalamu alaikum, Auta. Ina fatan Inna ta samu sauƙin ƙafar nan, kuma kowa na lafiya a Agadas. Saifar da ka aiko ta iso, na canza ta a nan Agege. Asabar biyu na rufe shago na bar janaretocin mutane a kwance, ina yawon neman amfilifayar jitarka, wato akwatin ƙara mata sauti, wadda kuke ce wa amfuli. Ka karanta wannan kafin ka sake aiko mini da hoton wancan ƙaton akwati mai fitilu kala-kala.

Kada ka yi murna don saifa ta yi kumburi a naira. Tun da aka saki farashin canji a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 a 2024, kuma yawancin kayan kiɗa na lantarki daga waje ake shigo da su. Abin da ka samu wajen mai canji, ɗan kasuwa ya riga ya ɗora shi a kan kaya.

Kasuwar Alaba na je, ta Ojo. Daga Agege sai ka hau danfo, wato ƙaramar bas ta haya, zuwa Iyana-Ipaja, ka bi ta Igando ka sauka Iyana-Iba, rabin yini ya tafi a cunkoso. Ban tafi ni kaɗai ba. Akwai wani Bayarabe maƙwabcin shagona da ke kaɗa jita a coci ranar Lahadi, shi na roƙa ya raka ni da jitarsa da wayarta. Cocin Legas ne ke riƙe da kasuwar kayan kiɗa a garin nan, shi ya sa za ka ga layi guda babu komai sai lasifika da fiyano da ganguna, an jibga su har rufi. A gida idan ka ga amfuli uku a shago ɗaya sai ka ce an yi sabon kaya. A nan idonka ne zai gaji. Amma a gida mai shago ya san Baba, in abu ya lalace ka mayar masa ya ji kunya. Nan kuwa da zarar ka fita ƙofa an gama, wanda ya kira ka "aboki" ɗazu ba zai gane fuskarka ba. Gwajinka a gabansa shi ne garantinka.

Wancan akwatin mai taya da ka nuna mini, na sa an kunna irinsa. An rubuta masa wat 2,000 a kwali. Ni da nake kwance janareta kullum na san ƙaramin batirin bolt 12 da ke cikinsa ba zai ɗauki wannan nauyi ba ko na minti biyar. Lambar da suke bugawa ta PMPO ce, ta talla. Ta gaskiya ita ce RMS, kuma sau da yawa ba sa rubuta ta. Da abokina ya soka jita, sai ƙarar ta fito siririya kamar ana kaɗa gwangwani, ya ƙara murya ta fara tsatstsagewa. Na wa'azi ne da sauraron waƙa daga waya, ba don tsirkiya aka yi shi ba. Ya kuma gaya mini wani abu da ban sani ba duk da aikina: in ka ninka wat sau biyu, ƙarar kaɗan take ƙaruwa, sai ka ninka kusan sau goma kafin kunne ya ji ta ninku. Faɗin lasifikar ya fi lambar wat tasiri.

Daga nan muka koma wajen masu tokunbo, wato na hannu da ake kawowa daga Turai da Amurka. A nan na ga abubuwan kirki. Marshall MS-2 ɗan mitsitsi ne, wat 1, da batir mai bolt 9, ana maƙala shi a ɗamara. Abin wasa ne, na wuce. Blackstar Fly 3 wat 3 ne da lasifika inci 3, Boss Katana Mini wat 7 da inci 4, dukkansu batir AA shida suke ci. Suna da daɗin murya a cikin ɗaki, amma ka fita da su tsakar gida mata su fara tafi da guɗa, sun nutse. Fender Frontman 10G ya fi su araha a wasu shaguna, sai dai ba ya aiki sai da wutar soket, kai kuwa ka san halin kuran, wato wutar lantarki, a Agadas lokacin zafi. Ba mu manta da 2023 ba, da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulki.

Wanda ya kwanta mini shi ne Roland Cube Street, tsohon samfuri. Jikinsa a karkace yake, kana ajiye shi a ƙasa yana kallon fuskarka. Lasifika biyu ne, kowacce inci shida da rabi, wat 5 gaba ɗaya, batir AA shida, kamfanin ya ce yana iya kaiwa awa 15. Yana da rami biyu, ɗaya na jita ɗaya na makirfo, ka ga kai da mai waƙarku kun wadatu da akwati guda. Abokina ya zauna a kan wani kwali a bakin shago ya kaɗa, a cikin rurin janaretocin Alaba, sai ga masu dako biyu sun tsaya da kaya a ka suna saurare. Wat biyar ɗin nan ya doke dubu biyun ɗazu. Ga ƙofar gida, ga hira a bayan gari bisa rairayi, ga ƙaramin suna, ya ishe ka. Babban biki mai ganguna kuwa sai kun yi hayar janareta da manyan bafal, wato lasifika, kamar yadda kuka saba, kuɗinka ba su kai can ba, kada wani ya ruɗe ka.

Bari in ba ka labarin wautata, don kada ka ji a bakin wani. Asabar ta farko, a hanyar dawowa, na ga wani ƙaramin amfuli a hannun mai kasa kaya a bakin titi, da arha kamar an tsinto. Ban duba bayansa ba. Na zo shago na soka, sai fat! hayaƙi da warin ƙonannen roba. Ashe na Amurka ne, bolt 120, wutarmu kuwa 230. Na Japan ma 100 ne. Mai gyaran wuta guda ya ƙona tiransifoma da hannunsa, yaran shagona suka yini suna ƙunshe dariya. Kuɗina ne suka tafi, ba naka ba. Abin da zan yaba wa Legas shi ne gyara: washegari wani mai naɗin waya ya sake naɗe tiransifomar, yanzu rediyon shago nake ji da shi.

Saboda haka na bi Roland ɗin nan kamar mai sayen raƙumi. Na buɗe gidan batir, domin damshin Legas da yoyon tsohon batir suna cinye ƙarafan ciki su koma kore. Nasa fes. Na murɗa kowane maɓalli a hankali ina sauraron ƙarar yashi, ɗaya ya ɗan yi, an fesa masa mai ya daina. Na girgiza wayar a bakin rami, ba ta yanke ba. Na haska fitilar waya ta ragar gaba don in ga ko takardar lasifikar ta yage. Adaftarsa ba ta asali ba ce, shi ya sa na ci nasarar rage kuɗi. Ka kiyaye: bolt 9 take, kuma tsakiyar bakinta nagatif ne, akasin yawancin adaftocin da ake sayarwa a kasuwa. Kada wani yaro ya soka masa ta dikoda. Kan filogin ma irin na nan ne mai ƙafa uku, zan haɗo maka da abin juya shi zuwa ƙafa biyu.

Na ba da kafin alkalami, mutumin ya ce zai ajiye mini zuwa Asabar. Ragowar kuɗinka za su sayi batir masu caji guda goma sha biyu da cajarsu, shida a ciki shida a kan sola. Ka sa tela ya ɗinka masa riga mai kauri kafin hunturu, ƙurar Agadas ba ta barin maɓalli.

Aike ne ya rage. Akwai direban tirela da ke ɗaukar kaya zuwa Kano, daga can a bi ta Daura da Kongolam zuwa Damagaram, sai Tanut. Hannu uku ke nan, ga jijjigar hanya. Ko kuma ka haƙura zuwa babbar sallah in riƙo shi a cinyata. Ka aiko mini da amsa kafin Juma'a. Ka gaida Inna, ka ce mata maganin shafawar yana cikin kayan.