Gargaɗi Ga Mai Shirin Sayen Sutudiyo a Gusau: Naira 3,800,000 Na Biya

Na daɗe ina juya wannan magana a raina saboda kunya, amma da labari ya iso mini cewa mutumin da ya cuce ni ya fara yi wa wasu tayin kayan sauti a Talata Mafara, sai na ga shiruna zai iya jawo wa wani bawan Allah irin abin da ya same ni. Naira 3,800,000 na biya shi kuɗin sutudiyon ɗaukar waƙa a Tudun Wada, 800,000 kafin alƙalami, sannan 3,000,000 ta banki, kuma duk takardun shaidar turawar suna hannuna.

Kada wani ya ce ban yi bincike ba. Sau uku na je wurin, kuma a zuwa na biyu na tafi da wani yaro da ya koyi aikin sauti a Kano, ya kunna komai a gabana: fiyanon Yamaha, akwatin shigar da sauti na Focusrite, makirfon Rode, lasifikokin saurare guda biyu, kwamfuta da janareta. Mun ɗauki murya mun saurara, ta fita tas, yaron ma ya ce mini kayan na asali ne. Mai sayarwar ya buɗe mini littafin aikinsa na lokacin zaɓen 2023, inda waƙoƙin siyasa suka cika shafi bayan shafi, ga na biki, ga na masu bege. Sai daga baya na gane cewa kakar siyasa kawai ya nuna mini, ya ɓoye watannin da ake wuni ana korar ƙuda.

Abin da yake hana ni barci shi ne daren makulli. Bayan kuɗin sun shiga, ya dube ni ya ce, "Yaya, don Allah ka bar mini makullin zuwa gobe da safe in kwashe waƙoƙin mutane daga kwamfutar, amana ce a wuyana." Wallahi wannan kalma ta amana ita ce ta kashe mini jiki, har na ji a raina cewa na dace da mutumin kirki, wanda yake tsoron haƙƙin jama'a. Da hannuna na miƙa masa makullin da ya riga ya zama nawa, bayan na biya 3,800,000 cif, har ina ce masa kada ya gaggauta. Kada ya gaggauta! Kullum sai na sake jin muryata tana faɗin haka.

Na tsallake wani abu. Tun kafin wannan daren, ina jin ranar da na biya kafin alƙalami ce, ko kuwa washegari, na tambaye shi batun haya, ya ce an biya har ƙarshen shekara, rasit ɗin yana gida zai kawo. Bai kawo ba, ni kuma ban matsa ba, domin dillalin da ya haɗa mu, wanda ya karɓi la'adarsa daga gare ni, sahu ɗaya muke salla da shi. Sati biyu da karɓar wurin mai ginin ya zo da kwaɗo a hannunsa, ya ce yana bin hayar shekara biyu, Naira 700,000, kuma bai ma san an sayar da komai ba.

Kayan kuwa, da safen da na karɓi makulli ban lura da komai ba, saboda kowane abu yana mazauninsa. Sai da muka zo ɗaukar aikin farko makirfon ya dinga huci, yaron nan ya ɗaga shi ya ce wannan ba shi ne wanda ya gwada ba, jabu ne mai suna iri ɗaya. Akwatin sautin ma an musanya shi da wani tsoho mai matacciyar kafa ɗaya. Kwamfutar an share ta ƙarƙaf, har da sautukan kiɗan da aka tara shekara da shekaru, manhajar FL Studio da ke kanta kuma ta sata ce, ba ta da lasisi. Na ɗauki hotunan kayan tun farko, amma ban ɗauki lambar da kamfani yake bugawa a jikin kowanne ba, kuma da wannan mai sayarwar yake kafa hujja yanzu, wai in kawo shaidar cewa ba su ne ya sayar mini ba.

Makaɗin sutudiyon da ya rantse mini zai zauna, kwana huɗu ya yi ya bi ubangidansa mai sayarwar, mawaƙan kuma suka bi makaɗin, domin hannunsa suke nema, ba su damu da ɗaki da soson bango ba. Ni aka bari da janareta mai shan fetur a wannan tsadar da ake ciki tun cire tallafi a watan Mayun 2023.

Zan ɗora hotunan hirarmu ta WhatsApp da shaidar banki da zarar wanda yake taimaka mini da shari'ar ya ba ni izini, shi ne ma ya hana ni kama suna. Mai son saye ya rubuta lambar jikin kowane kaya a takardar ciniki, ya ga mai ginin ido da ido, ya canza kwaɗo a ranar da ya biya. An kira zaman sasanci wajen mai unguwa sau biyu mai sayarwar bai zo ba, dillalin kuma ya sauya masallaci, kuma har yanzu ina biyan ƙanena bashin Naira 1,500,000 da na ranta a wurinsa don in cika 3,800,000 ɗin.