Dan Allah ku yi hattara da masu tallan "maganin Chana" na ciwon suga

Jama'a wallahi abin nan ya ƙona min rai. Hajiyarmu shekara tara ke nan tana fama da ciwon suga, bara ƙafafunta suka fara zafi da daddare, ta ce kamar an zuba mata barkono, wani lokaci kamar ana tsira mata allura. Likita ya ce sugan ne ya fara taɓa jijiyoyi.

Sai maƙwabciyarmu ta turo mata bidiyon wani a WhatsApp, ya sha farar rigar likitoci, wai a Chana ya yi karatu, wai suga tsatsa yake sa wa jijiya shi kuma garinsa yana wanke tsatsar nan cikin kwana 21. Dubu 45 muka tura, aka kawo wata 'yar roba duk rubutun Chana, ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa, kuma ya ce ta ajiye metformin ɗinta, wato maganin sugan da asibiti suka ba ta, wai ba sa haɗuwa.

Bayan sati uku Hajiya ta ce zafi ya lafa, muna ta murna har ana shawarar a ƙara sayowa, ashe ƙafar ce ta daina ji. Ranar da ƙanwata ta zo yanke mata farce ta ga wata 'yar ƙusa ta huda silifas ta shige tafin ƙafarta, wurin har ya fara ruwa, ita ko sam ba ta sani ba. A asibiti aka auna suga ya haura 380.

Ni ban ce itatuwan Chana duk ƙarya ba ne, akwai irin su huang qi da dan shen da suka daɗe ana sha a can, ana ma bincike a kansu, amma likitocinsu ne ke bayarwa bayan sun duba mara lafiya. Kuma an sha kama irin wannan garin an cusa masa glibenclamide a ɓoye, wani maganin suga na asibiti mai iya faɗar da suga har mutum ya suma.

Duk wanda ya ce iyayenku su bar maganin asibiti ku rabu da shi, kuma ku riƙa duba musu tafin ƙafa kullum har tsakanin yatsu. Shi mutumin tuni ya yi bulokin ɗinmu, Hajiya kuma har yau duk bayan kwana biyu muke kai ta wankin ciwo.