Matattarar ƙwan kifin ras: ta tara ƙwai, ta ci min namiji

Taurari huɗu na yi niyyar ba wannan matattarar ƙwai, wato abin nan mai raga da ake ratayawa a bakin tankin kifi ya tara ƙwai, don gaskiya makon farko ta burge ni. Shekara biyu ina kiwon kifin ras (wrasse), wani kifin teku mai launi, irin Halichoeres melanurus ɗin nan masu kwana a cikin yashi, namiji ɗaya mata uku a tanki guda. Duk yamma da fitila ta fara dusashewa sai namijin ya shiga zagaye, shi da mace su yi sama a guje, su saki ƙwai da maniyyi daf da saman ruwa. Ƙwan bai kai milimita ɗaya ba, yawo yake a sama, kafin in ɗauko cokali matatar tanki ta shanye shi. Da na rataya wannan abin, washegari na tarar da ƙwai a cikin ragar, masu rai suna bisa garau kamar gilashi, matattu sun yi fari sun nutse. Har hoto na ɗauka.

To amma wanda ya ƙera ta anya ya taɓa riƙe ras kuwa? Maratayin yana da kauri, idan ka maƙala shi a bakin tanki murfi ba ya rufuwa, sai ya bar kafa kamar yatsu biyu. Kowa ya san ras ɗan tsalle ne, balle a lokacin barbara da gudunsa duk sama yake nufa. Na ga kafar, na ce gobe zan toshe. Daren kwana na tara namijin ya bi ta nan. Da safe na tsince shi a bayan kabad ya bushe ƙayau, launin nan nasa kore da ja duk ya dushe. Kifin da na yi rainonsa tun yana mace, kafin ya rikiɗe ya zama namiji! Wallahi ranar ko kallon tankin ban iya yi ba.

Na rubuta wa mai sayarwa, amsarsa wai laifin murfina ne. Na yarda da nawa sakacin, amma layi ɗaya na gargaɗi a takardar zai gagara? Takardar ma ba ta faɗi girman idon ragar ba, sai da na gwada da kaina. Ga bututun iskar, ka ɗan ƙara masa ƙarfi kumfa ta dagargaza ƙwan.

Bayan 'yan makonni babbar macen ta fara sauya launi tana korar sauran, ta zama namiji kamar yadda ɗabi'arsu take, ƙwai suka dawo. Wannan ikon Allah ne, ba aikin matattara ba.

Kada kuma wani ya ɗauka tara ƙwai shi ne kiwo. Cikin kwana guda suke ƙyanƙyashewa, bakin 'ya'yan ƙanƙani ne, sai jariran ƙwarin ruwa da ake kira kofifod suke iya haɗiya. Nawa har yau ba su wuce kwana biyar ba. Masu bincike a Jami'ar Filorida ta Amurka ma sai a 2015 suka samu nasarar raino wannan nau'in.

Taurari biyu. Idan ka riga ka saya, yanka raga ka toshe kafar nan tun kafin fitila ta mutu.