Shagon tura fim na wajen kasuwar Dole, da kwana biyar ɗin da na yi da Aamir Khan

Zazzaɓi ne ya kwantar da ni makon jiya, da na ɗan samu sauƙi aka ce in zauna gida in huta, to zaman gida ba kallo ai wani ciwon ne. Sai na hau kabu-kabu na nufi wani ɗan shagon tura fim da ke wajen kasuwar Dole wanda abokaina na fada suka daɗe suna yabo. Shagon kam ba wani abin kallo ba ne, rufin kwano, benci ɗaya, ordinater biyu, wayoyin mutane jere a kan katako ana sharji, ga zafin Damagaram ga fanka ɗaya tal da ke juyawa kamar ba ta so. Amma yaron da ke wurin ya san aikinshi. Na ce mai ina son fim mai nauyi ba na rawa da waƙa kawai ba, ya dube ni ya ce "yaya, kai Aamir Khan za ka kalla, amma daga farko za ka ɗauko shi." Ashe shi ba a hargitse yake zuba fina-finai ba kamar sauran shaguna, kowane jarumi da jakarshi a cikin ordinater, kuma an jera su bisa shekara. Fim ɗaya dala ashirin, ya ba ni shida a dala ɗari, ko rabin awa ban yi ba ya miƙo min kart memuwar ɗina.

Wannan jerin shekarun shi ne abin da ya fi burge ni, don sai ka ga mutum yana girma a gabanka. Qayamat Se Qayamat Tak na 1988 shi da Juhi Chawla, yaro ne sharaf ɗan shekara 23, soyayya ce irin wadda muka saba, ban ma ƙarasa shi ba gaskiya. Daga Lagaan na 2001 ne labari ya sauya. Ƙauye ne a Indiya a zamanin mulkin Turawan Ingila, shekarar 1893, ruwa ya ƙi sauka, ga haraji a wuyan talakawa, sai Bature ya ce su yi wasan kurket da shi, in sun ci an yafe musu harajin shekara uku, in an cinye su su biya ninki uku. Ni ban san kan wasan nan ba ko kaɗan, amma fari da bodo kam ba sai an fassara wa ɗan Nijar ba, kakata har ta rasu tana ba mu labarinsu. Fim ɗin ya kusa awa huɗu, kuma ya shiga cikin biyar ɗin ƙarshe na gasar Oscar a ɓangaren fina-finan ƙasashen waje.

A nan ne fa shagon ya fara ɓata min rai. Na yi sama da awa uku ina bin Lagaan, ana tsakiyar wasan ƙarshe, sai hoto ya tsaya cak. Fim ɗin guntu ne aka tura min. Dare ya yi, ba halin komawa, haka na kwana da takaici.

A Ghajini na 2008 Aamir ne wanda aka buga wa ƙarfe a kai, ba ya riƙe abu a ƙwaƙwalwa fiye da minti goma sha biyar, duk jikinshi rubutu ne da ya zana don kada ya manta wanda ya kashe mai budurwa. Askinshi ma sai da ya zama yayi a lokacin. Ka duba idonshi duk sanda ya farka bai san inda yake ba, wannan ruɗewar ita ce wasan, dambe da fashe-fashen kowa ma zai iya. To amma fassarar Hausa aka ba ni, kuma mai fassarar mutum ɗaya ne yake muryar kowa, jarumi da budurwa da mugu, har da barkwancinshi yana sakawa, ana kashe yarinya shi yana zolaya. Kai jama'a. A fim ɗin ban dariya na yarda fassarar nan tana da daɗi, a irin wannan kam zuba sukari ne a miyar kuka.

Shi ya sa da na koma washegari na ce ya sauya min Taare Zameen Par da Dangal da na asali masu rubutun Faransanci a ƙasa. Bai yi gardama ba, ya ba ni haƙuri, ya sake tura Lagaan cikakke bai karɓi ko dala ba, har ya buɗe ƙarshen a gabana don in tabbatar. Taare Zameen Par na 2007 shi Aamir ɗin ne ma ya ba da umarni, kuma bai fito ba sai wajen tsakiyar fim, ya bar wa ƙaramin yaro fage, yaron da haruffa ke rikice mai ana ta ce mai dakiki a lakwal. Matata ta yi kuka, ni kuma na ce hayaƙin shayi ne ya shige min ido.

Dangal na 2016 shi ne na fi so, wataƙila don mu mutanen kokowa ne, lokacin gasar kokowa ta takobi ko kasuwa sai ta yi sanyi. Labarin gaskiya ne na Mahavir Singh Phogat, ɗan kokowa daga jihar Haryana da ya horar da ƴaƴanshi mata Geeta da Babita duk da surutun gari, har Geeta ta ci zinariya a wasannin Commonwealth na 2010 a Delhi. Don ya fito a tsoho mai tumbi sai da Aamir ya kai wajen kilo 97, ya ƙi yarda a ɗaura mai tumbin roba, sannan ya sauke sama da kilo 20 cikin ƴan watanni aka ɗauki ɓangaren ƙuruciya, alhali ya haura shekara 50. Kuma za ka ga nauyin a tafiyarshi da yadda yake nishi in zai tashi zaune. Akwai wurin da ya yi kokowa da ƴarshi ta kayar da shi a gaban kowa, bai ce uffan ba, ya tashi yana haki. Da fassarar mai barkwancin nan na kalla da an ɓata min wurin.

In za ku je, ku tafi da safe kafin ƴan makaranta su cika bencin, ku ce ya buɗe muku ƙarshen kowane fim kafin ku biya, kuma in mai nauyi ne ku nemi na asali. Na tambaye shi Laal Singh Chaddha na 2022, ya ce "yaya, bar kuɗinka, wannan ko a Indiya bai yi kasuwa ba." Na dai ce ya ajiye min, ranar Alhamis in na shigo kasuwa zan karɓa.