Kafiretar da ake saya don lambarta

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaida Hajiya da su Anti da yaran gareji gaba ɗaya. Ka ce in ba ka labarin yadda harkar kayan gyara take a nan Amurka, ko ta fi ta Ƙofar Ruwa. To bari in ba ka labarin kafireta guda ɗaya da ta cinye mana kusan wata biyu.

Garejin da nake aiki a jihar Ohio tsofaffin motoci muke tayarwa, irin masu ƙaton inji na shekarun 1960 zuwa farkon 1970. Wani dattijo ya kawo mana Chevrolet Camaro Z/28 ta 1969. Guda 20,302 aka ƙera a waccan shekarar, injinta mai girman inci kubik 302 ne, mai silinda takwas. Motar na tashi bugu ɗaya, sabuwar kafireta ce a kanta, amma shi ita ce damuwarsa. Wai ba da ita aka haifi motar ba.

Na yi dariya a raina. Mu da ka koya wa cewa kafireta in tana ba da mai daidai, ba ta zuba, ba ta sa hayaƙi, an gama magana. A nan sabuwar kafiretar Holley, kamfanin da ya ƙera ta asalin motar, ɗaruruwan daloli ce, ka yi oda a intanet yau, kafin mako ya fita tana bakin ƙofa. Tsohuwa mai datti wadda lambarta ta dace da motar kuwa sai ta haura dala dubu, kuma sai an yi farautarta.

Ga yadda ake tantancewa. A jikin wuyan da iska ke shiga, wajen cok, kamfanin ya buga lambobi. Ta wannan motar dole a ga 3923289 da haruffan DZ, sai 4053, sai wasu alƙaluma uku a ƙasa, su ne ranar ƙira. Idan ka ga 923, shekarar 1969 ke nan, watan biyu, mako na uku. Shi ma injin yana da tasa ranar a gaban bulok, ɓangaren fasinja. Namu an haɗa shi a garin Flint na jihar Michigan cikin watan Maris, saboda haka kafiretar da za ta hau kansa sai ta girme shi da 'yan makonni. Ɗa ba ya riga ubansa zuwa duniya. Wadda kuma ta zo da alƙaluma huɗu, ko da 4053 ɗin gaskiya ce, daga baya aka yi ta don canji, masana ba sa ƙirga ta.

Ta farko da muka sayo daga wani mutum a intanet, a hoto ba ta da makusa. Da ta iso sai maigidana ya kashe fitilun gareji, ya kwantar da hasken tocila a gefen lambobin, ya ce in shafa da yatsa. Wurin sumul, har ya ɗan lotsa, alhali sauran jikin yana da kaushin zubi. An gurje tsohuwar lamba an buga wata. Da muka sa madubi sai ga wani 9 ya karkace, wani ya fi 'yan'uwansa zurfi. Ashe ha'inci ba shi da ƙasa, Yaya. Mu a can sabon abu ake sa wa kwalin orijina, su a nan tsoho ake yi wa takardar haihuwar ƙarya.

Inda suka burge ni shi ne mayar da kaya. Muka tura hotuna, kuɗinmu ya dawo ba tare da an tara jama'a ba. Amma kada ka ɗauka sun fi mu ko'ina. Aikin da yaron gareji zai yi maka a Kano kana zaune kana shan shayi, ya kwance kafiretar Fijo ya wanke da fetur ya busa jet da baki, a nan sai ka naɗe ta a kwali ka aika wa ƙwararre a wata jiha, ka yi ta jira, don masu hannun aikin sun tsufa, matasa kuma kwamfuta suka sani.

A ƙarshe a kasuwar Carlisle ta jihar Pennsylvania muka dace, kasuwar da ke ci a filin baje koli, kamar Panteka ta Kaduna ce aka baza a fili. Wani tsoho ya zaro ta daga ƙarƙashin tebur, baƙa ƙirin da tsohon mai. Da muka dawo na ɗauko buroshin waya zan goge ta, maigida ya riƙe hannuna. Wannan ruwan ɗorawan da ya dushe a jikinta, shi ma cikin kuɗin yake.

Tsohuwar 504 ɗin Baba da ke bayan gida, don Allah kada a ba 'yan gwangwan. Ka buɗe bonet ka ɗauko min hoton kafiretar Solex ɗin da ke kanta, ta gefen da lambobi suke.