Yankari ko Gashaka-Gumti: amsa ga Malamin da ke shirin fita da iyali

Malam, na ga tambayar da ka jefo a zauren nan tun shekaranjiya. Ka ce kana Kano, kana da hutun kwana biyar a ƙarshen shekara, kana son ka fita da uwargida da yara uku, autansu ɗan shekara shida, zuwa wurin da akwai daji da tsauni da ruwan wanka. An ambata maka Yankari da Gashaka-Gumti, ka rasa wanda za ka ɗauka. Duka biyun na taka su, kuma abin da zan fara faɗa maka shi ne ba tafiya iri ɗaya ba ce. A Yankari mota ce za ta kai ka gaban namun daji. A Gashaka ƙafarka ce motarka.

Mu fara da hanya, don ita ce za ta ci rabin hutunka ko ta bar maka shi. Yankari tana ƙaramar hukumar Alkaleri a Jihar Bauchi. In ka bar Kano bayan asuba, ka biyo ta Ningi ka shiga Bauchi, ka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima za ka karya kwana zuwa ƙofar gandun da ke Mainamaji. Daga ƙofar zuwa masaukin Wikki akwai wajen kilomita 40 a cikin dajin kansa. Da yardar Allah la'asar a can za ta same ka. Gashaka-Gumti kuwa tana can kan iyakarmu da Kamaru, ta ratsa Taraba da Adamawa, ofishinta yana garin Serti. Sai ka kai Jalingo, ka wuce Bali, sannan Serti. Da yara a mota kwana biyu ne zuwa, kwana biyu dawowa. Ka ga cikin kwana biyar ɗinka saura ɗaya, kuma wurin nan ba na yini ɗaya ba ne.

Batun tsauni da kurmi da ka ambata, a nan ne Yankari ba za ta cika maka ido ba, gara in faɗa maka tun yanzu. Daji ne irin namu na Arewa, ciyawa da itatuwa jefi-jefi, da 'yan tuddai, sai kurmin da ya bi gefen kogin Gaji. Faɗinta kimanin murabba'in kilomita 2,244. An keɓe ta a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe ta a 1991, sannan ta koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Gashaka-Gumti ta kusa ninka ta uku, ta haura murabba'in kilomita 6,400, ita ce mafi girma cikin gandayen daji na tarayya, an kafa ta a 1991 da aka haɗe dajin Gashaka da na Gumti. Ɓangaren Gumti a arewa fili ne mai kama da Yankari. Amma kudancin, ɓangaren Gashaka, wata duniya ce daban. Tsaunuka ne a jere, kwaruruka masu zurfi, da kurmi mai duhun da ko da azahar rana ba ta sauka ƙasa sai ɗigo-ɗigo. A can Chappal Waddi yake, wanda ake kuma kira Gangirwal, mai tsayin mita 2,419, babu tsaunin da ya kai shi a Nijeriya. Ruwan da ke gangarowa daga duwatsun nan shi ke cika kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. Duk manomin da ke noman rani a ƙasan can yana shan albarkacin kurmin nan ko bai taɓa jin sunansa ba, shi ya sa raina ke ɓaci in na ji ana sare itatuwansa ko ana tonon ma'adinai ta ɓarauniyar hanya.

Sai namun daji, wanda na san shi yaranka suke jira. A Yankari ba sai ka wahala ba. Tun a harabar masauki gadu na kiwo a durƙushe kan gwiwoyinsa na gaba, gwaggon biri na zirga-zirga kamar shi ne mai gida. Na taɓa ganin wani ya zo da gudu ya fizge ledar burodi daga hannun wata yarinya, ya haye rufi ya zauna yana ɓare ta. Don haka kada yaro ya fito da abinci a hannu, ƙofa da taga kuma a kulle. In an fita zagaye da safe ko da yamma tare da ɗan jagora, ana ganin ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, kada, wani lokaci dorina. Giwa sai mai rabo. Garken Yankari yana cikin manyan da suka rage mana a ƙasar nan, amma dajin da faɗi. Kuma ka sani, watan Disamba ba shi ne ganiyar kallo ba, domin akwai sauran ruwa da ciyawa ko'ina, dabbobi a warwatse suke. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ne ƙishirwa ke tattaro su bakin Gaji.

A Gashaka kunne ya fi ido aiki. Akwai birin nan mai kama da mutum wanda mutanen wurin ke kira biri mai ganga, saboda yadda yake dukan saiwar manyan itatuwa, sautin ya ratsa kurmi. Masu bincike sun shafe shekaru a sansanin Kwano suna bin sawunsa, amma baƙo na iya yin mako bai sa shi a ido ba. Abin da za ka gani shi ne sheƙar da ya saƙa da rassa a saman bishiya ya kwana, da 'yan sandunan da ya yi amfani da su wajen ciro zuma ko tururuwa. Wata safiya muna tafe, ɗan jagoranmu ya ɗaga hannu muka tsaya cak. Can sama wani biri baƙi mai farin gashi a gefen jiki da doguwar jela fara ya yi tsalle daga wannan bishiya zuwa waccan, raɓa ta zubo mana a ka. Minti ɗaya bai cika ba, amma har yau ina ganinsa. Yaro ɗan shekara shida ba zai yi tafiyar awa huɗu a kan hawa da gangara don wannan minti ɗaya ba.

Ruwan wanka kuwa Yankari ta yi zarra. Maɓuɓɓugar Wikki tana fitowa daga ƙarƙashin dutse, garau har kana ganin yashin ƙasa, ɗuminta digiri 31 rani da damina, dare da rana. Ka shiga da sassafe a tsakiyar hunturu, tururi na tashi a kan ruwan, sai ka ji sanyin Kano ya fita daga ƙasusuwanka. Akwai inda ruwan bai wuce gwiwa ba, akwai mai zurfi ta wajen dutsen, sai a sa ido a kan yara. In uwargida ba ta son cunkoso, ku sauka bayan sallar asuba kafin 'yan makaranta su cika wurin. Kogunan Gashaka irin su Kam suna da kyau ƙwarai, ruwa mai sanyi a kan duwatsu, amma akwai kada da dorina a wasu gurbi, ba a shiga sai inda ma'aikacin gandun ya nuna.

Kwana da ci ma da bambanci. Wikki akwai ɗakuna, wurin cin abinci, da ɗan gidan tarihi mai haurun giwa da tarkunan da aka ƙwace hannun mafarauta. Ga kogwannin dutse na Marshall da rijiyoyin Dukkey ga mai son tarihi. A lokacin hutu ɗakuna na ƙarewa, ka kama tun da wuri. Gashaka, da zarar ka nutsa ciki, tanti ne, da garinka da shinkafarka, da 'yan dako, da takalmin da ƙafa ta saba da shi, da riga mai dogon hannu saboda ƙudan tsando, da bargo mai kauri don saman tsauni sanyi ne na gaske. Sabis ɗin waya ma ka manta da shi.

To, shawarata, bana ka kai iyali Yankari, kwana uku sun ishe ku, sauran biyun na hanya ne da hutawa. Gashaka ka ajiye ta sai ka samu kwana goma da abokai biyu ko uku masu ƙarfin gwiwa, tsakanin Disamba da Maris, kafin ruwa ya sauka koguna su cika su datse hanya. Ko wacce ka nufa, ka kira ma'aikatan gandun ana saura 'yan kwanaki ka ji halin da hanya da tsaro suke ciki, kuma kada ka bari dare ya yi maka a kan titi. In ka tashi tafiyar Gashaka ka yi magana a nan, ina da niyyar komawa, tsaunin Chappal Hendu ne ban samu hawa ba wancan karon. A gaida uwargida da yara.