Ƙungiyar Sands: abin da na gani a wajensu bayan na haifi ɗana ba rai

Matanmu na nan Ingila da yawa sun tambaye ni ta WhatsApp wai wace ƙungiya ce nake ta tara wa kuɗi, wasu ma gani suke na faɗa harkar Turawa ne kawai, toh bari in rubuta a wuri ɗaya kowa ya karanta. Sunanta Sands, tun 1978 take, kuma mata biyu ne da su ma suka haihu ba rai suka fara ta, Bel Mooney 'yar jarida da Hazelanne Lewis, a lokacin da ko ganin gawar jaririn ba a cika barin uwa ta yi ba. Aikinsu tallafa wa iyayen da jariri ya rasu a ciki, ko wajen haihuwa, ko jim kaɗan bayanta.

Ni cikina ya shiga wata tara na daina jin motsi, muka je aka yi sikanin aka ce zuciya ta tsaya. Aka sa min maganin naƙuda na haife shi kamar kowace haihuwa, sai dai ba kuka. Asibitin ba zan faɗi sunansa ba, sun yi ƙoƙari a wasu abubuwan, amma daren farko ɗakin da aka sa ni ina jin kukan jariran mutane ta bango har gari ya waye, wlh wannan har yanzu ban yafe wa wanda ya tsara haka ba. Ungozomar da ke kula da masu irin wannan rashi ita ta kawo min akwati da ɗan littafin Sands.

Akwatin nan da farko ƙin taɓa shi nayi. A ciki akwai ɗan bargo saƙar hannu, da 'yan teddi guda biyu, da abin ɗaukar sawun hannu da ƙafa. Maigidana yace me za mu yi da wannan, mu da za mu binne shi gobe, ungozomar tace ba dole bane amma bari ta ɗauki sawun ta ajiye, in mun so mu karɓa in ba mu so shikenan. Yau wannan katin mai sawun ƙafa, wanda bai kai tsawon yatsana ba, shi ne kaɗai abin da nake da shi da ke nuna yaron nan ya zo duniya, banda takardar rajista. Ita rajistar dole ce a nan, duk jaririn da aka haifa ba rai bayan sati 24 sai an yi masa cikin kwana 42.

Littafin kuma gaskiya ya fi abin da na zata. Babu wa'azi babu kwana-kwana, abubuwan da ba wanda ya gaya min ne a ciki, kamar cewa ruwan nono zai zo ko da ba mai sha kuma akwai maganin da ake bayarwa ya tsaya, da maganar binciken gawa da cewa sai da yardarki, da cewa hutun haihuwarki na wajen aiki yana nan bai faɗi ba tunda ciki ya wuce sati 24. Daga baya muka kuma san akwai hutun makoki na sati biyu ga iyaye da doka ta kawo a 2020, da asusun gwamnati na jana'izar yara da aka fara a 2019, wanda ke biyan kuɗin kabari ba tare da an duba abin da kuke samu ba. Wanda ya san tsadar kabari a ƙasar nan ya san wannan ba ƙaramin abu bane.

Amma abin da ya sa nake rubutun nan layin wayarsu ne. Kyauta ne, sai dai ba dare da rana suke ba, ki duba lokacin a shafinsu kafin ki kira. Matar da ta ɗauka abin da ta fara tambayata shi ne ko mun sa masa suna. Mun sa, amma tun da aka binne shi babu wanda ya ƙara kiran sunan, har ni. A wajenmu kowa da kyakkyawar niyya yake zuwa, sannu da haƙuri, Allah ya sa mai ceto ne, ai ke yarinya ce Allah zai ba da wani, gara ma da ba ki saba da shi ba. Wata ma cewa tayi ai ba a kuka wa wanda bai zo da rai ba. Na yarda da ƙaddara, ina riƙe da hadisin Baitul Hamdi, gidan da Allah ke sa a gina wa wanda ɗansa ya rasu ya yi hamdala, amma ni na ɗauki yaron nan wata tara, na yi wankan jego ba jariri a gefena, kuma ana so bayan sadakar bakwai in rufe maganar. Matar nan bata ce min komai na hikima ba, ta dai bar ni na yi ta magana tana kiran sunansa.

Suna da zama na iyaye a garuruwa da yawa, kuma masu jagorantar zaman iyaye ne da abin ya faru da su. Da Turanci ake yi, maza da mata a haɗe, wadda hakan bai mata ba akwai na intanet, akwai kuma Muslim Bereavement Support Service ta mata Musulmi da ni ma na yi magana da su na ji daɗi. Maigida bai taɓa zuwa zaman ba, namiji Bahaushe ya zauna cikin baƙi yana faɗin zuciyarsa, ai kun san da wuya. Ƙwallo ce ta jawo shi, suna da tim-tim na iyaye maza da ake kira Sands United, can yake zuwa ya dawo da taɓo a jiki yana ɗan sakin fuska.

Ba duk abin da suke yi nake bi ba. Duk shekara daga 9 zuwa 15 ga Oktoba akwai makon tunawa da jariran da aka rasa, ranar ƙarshe ƙarfe 7 na yamma a kunna kyandir. Ni bana kunnawa, sadaka nake yi da addu'a, kuma ba wanda ya taɓa min kallon banza a kan haka. Haka da na faɗi cewa mu a Malikiyya jaririn da bai yi kuka ba ba a masa sallah, suturta shi ake a binne, sauraro kawai suka yi.

Maganar tara kuɗi kuwa, ba tausayi kaɗai ya sa ni ba. A Ingila kusan haihuwa ɗaya cikin 250 ba rai take zuwa, kuma alƙaluman MBRRACE, masu bin diddigin mutuwar mata masu haihuwa da jarirai a Birtaniya, sun daɗe suna nuna jariran baƙar fata sun ninka na Turawa a wannan. Sands na sa kuɗi a bincike da horar da ungozomomi, kenan mu abin ya fi shafa. A gida kuma ba a magana, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 yace kusan jarirai miliyan 2 ake haifa ba rai duk shekara, Najeriya tana cikin ƙasashe uku na sama tare da Indiya da Pakistan.

Mu masa da miyar taushe da dambun nama muka yi muka sayar, sannan na buɗe shafi a intanet. Wadda za ta yi irin haka ta lura, in mai bayarwa yana biyan haraji a Birtaniya ya danna Gift Aid, duk fam ɗaya gwamnati na ƙara fens 25, amma kuɗin cinikin abinci baya shiga ciki, sai kyauta zalla daga aljihun mutum. Wani shafin tara kuɗin da na gwada kuma shi da kanshi yake ɗora tukwici a kan abin da mutum ya bayar, wata antina sai da ta biya ta lura, dan haka ku gaya wa mutanenku su duba wajen kafin su danna. 'Yan gida da katinsu na naira ya ƙi wucewa cewa nayi su bar shi, su kai asibitin haihuwa na kusa da su su biya wa wata kuɗin awo ko jini.